Don Allah a taimaka, sifirin lambar waya yana ɓacewa

Salam 'yan uwa, masana kwamfuta ku taimaka min. Ina aika dankalin turawa daga Farin Gada nan Jos zuwa kwastomomi a Abuja. Na haɗa Google Forms da Google Sheets, sai Zapier ya ɗauki kowace sabuwar oda ya tura wa mai ita saƙon tes da kansa, ba sai na zauna ina kwafa ba. To matsalar ita ce in mutum ya rubuta 0803 sai sifirin farko ya ɓace a shit ɗin, saƙon ya ƙi tafiya, kwastoma kuma yana can yana jiran a tabbatar masa kafin motar asuba ta tashi. A ina zan gyara, a fom ɗin ko a Zapier zan sa ya riƙa ƙara +234 da kansa? Wallahi abin ya tsaya min a rai.