Neman shawara: yadda zan bayyana wa ɗalibai hoton galaksi biyu masu jan juna

Tambaya:

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina koyar da kimiyya a makarantar sakandare, kuma ina so in nuna wa ɗalibaina hoton da na'urar hangen nesa ta Hubble ta ɗauka a 2002 na galaksi (wato manyan tarin taurari) biyun nan masu lamba NGC 4676, waɗanda ake yi wa laƙabi da Ɓeraye saboda dogayen wutsiyoyinsu. Na karanta cewa suna yankin gungun galaksi na Koma, a nisan da haske ke shafe kusan shekara miliyan 300 kafin ya iso gare mu. Na san akwai tambayoyi biyu da yaran za su yi, kuma ba na so in amsa su da ka. Ta yaya aka tabbatar cewa suna jan juna da gaske, ba kawai sun dace a layi ɗaya da idonmu ba? Kuma idan sun haɗu, taurarinsu za su yi karo ne?

Amsa ta farko:

Wa alaikumus salam, Malama. Tambayar farko tana da tushe, domin akwai hotunan da ke yaudarar ido. NGC 3314, a ɓangaren gungun Haidira, galaksi biyu ne da ake ganin ɗaya a kan ɗaya kamar sun rungumi juna, alhali tazarar da ke tsakaninsu ta kai tafiyar haske ta shekaru miliyoyi masu yawa, kuma surarsu ba ta nuna alamar jan juna ba. Shawarata ita ce ki ajiye wannan hoton kusa da na Ɓeraye, ki bar ɗaliban su nemo bambancin da kansu.

Hujjar farko ita ce wutsiyar. Idan galaksi biyu suka gifta kusa da juna, gefen da ke fuskantar maƙwabcin yana shan ja fiye da gefen da ke nesa, sai taurari da iskar gas su zare su yi dogon zare a baya, wasu kuma su yi gada a tsakani. A 1972 wasu masana taurari 'yan uwan juna biyu, Alar da Juri Toomre, suka nuna da lissafin kwamfuta cewa ƙarfin jan nauyi kaɗai ya isa ya haifar da irin wannan siffa, kuma Ɓeraye na cikin misalan da suka gwada. Hujja ta biyu ita ce awon haskensu, wanda ya nuna cewa dukansu suna nisanta daga gare mu da gudu kusan ɗaya, wato nisansu ma kusan ɗaya ne.

Amsa ta biyu:

Game da karo, Malama, ki kwantar musu da hankali. Da za a mayar da rana girman lemon zaƙi, tauraro mafi kusa da ita zai kasance a nisan kusan kilomita 2,000. Da irin wannan fili, taurari wucewa suke yi ba tare da sun taɓa juna ba. Abin da ke gwabzawa shi ne gajimaren gas, wanda ke matsewa ya haifi sababbin taurari, kuma su ne ɗigo-ɗigon shuɗin da za ki nuna musu a jikin wutsiyar. Lissafi ya nuna cewa kimanin shekara miliyan 160 ke nan da giftawar galaksin biyu mafi kusa, kuma za su sake komowa har su narke su zama galaksi ɗaya.

Amsa ta uku:

Ina da ƙari, domin a ganina nan ne darasin ya fi armashi. Ɗalibi mai kaifin basira zai ɗauka cewa inda galaksi suka fi cunkoso can ne haɗewa ta fi yawa, amma ba haka abin yake ba. Gungun Koma yana da galaksi sama da 1,000, kuma a tsakiyarsa suna gudu da kimanin kilomita 1,000 a daƙiƙa, saboda haka biyu da suka gifta juna ba sa samun lokacin da ja zai riƙe su. Haɗewa tana buƙatar tafiya a hankali, shi ya sa aka fi samunta a gefen gungu, inda Ɓeraye suke. Wannan gudun ne ma ya ɗaure wa masanin taurari Fritz Zwicky kai a 1933, har ya ce dole akwai wani nauyi da ba a gani wanda ke riƙe da gungun.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Ko akwai yadda za mu ga Ɓerayen da ƙaramar na'urar hangen nesa ta makarantarmu?

Amsa ta huɗu:

Kada ki yi musu wannan alkawarin, Malama, domin haskensu ya yi rauni sosai, kuma wutsiyoyin ba sa fitowa sai a hoto. Ki buɗe manhajar Stellarium mai nuna taswirar sama, wadda kyauta ce, ki nuna musu wurin da suke a sama, wanda ke hawa sosai da daddare a watannin Afrilu da Mayu. Idan kuma kina son abin da ido zai gani, ki jira daren da babu farin wata a Oktoba ko Nuwamba, kafin ƙurar hunturu ta yi kauri, ku fita bayan gari ku nemi galaksin Andromida, wadda ke nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 2.5 kuma take matsowa ga galaksinmu da kimanin kilomita 110 a daƙiƙa.