Bawana, kawo kuɗin shara

Babarbariyar Yerwa:
Watan Cika-ciki ya kama, lokacin karɓar kuɗin shara a wasan barkwanci tsakanin ƙabilu. Amsa-amo "wa" ne, wanda ya karya shi ya biya tara.

Ina Bafillace, bawan gidanmu?
Taho da ƙwarya ka gai da mu,
Kuɗin shara na shekararmu,
Zube shi nan ba tare da musawa.

Jikan Arɗo:
Baiwata, rage ɗaga muryarki,
Tsagen nan da ke bisa kuncinki,
Kakana ya yi shi don shaidarki,
Kar ki ɓace mana ranar kasuwa.

Ɗan Zangon Kumasi:
Yaya, Kawu, don Allah a yi haƙuri.

Ni yaro ne, kuma sabon zuwa,
Kalmar "bawa" na ban tsoro kuwa,
Wani garin da tuni an kai ga dambatawa,
Ko a wuce kotu a yi ɗaurewa.

Bagobirin Maraɗi:
Kwantar da hankalinka, ɗana,
Wannan zagi cikinsa ƙauna,
Ni Bayarabe ne abokin wasana,
In mun haɗu sai mu ɓarke da darawa.

Sharaɗinsa guda ne tak, yaro,
Ba fushi, ba wuƙa, ba tsoro,
In ya zo gidanka ka ba shi goro,
In an taɓa shi kai ne mai karewa.

A nan Nijar, tun 2014 UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta rubuta wasan nan cikin kayan gadon ɗan Adam. Mu dai ba mu jira takarda ba, Buzu da Bazabarme sun daɗe suna abinsu.

Malamar Tarihi:
Ku bi kogin Kwara sama har ƙasar Mali,
Sinankuya suke kiran wannan hali,
Maroƙan Mande in sun zo asali,
Ga Sunjata Keita suke jinginawa.

Dogon na dutse, Bozo na ruwa,
Tsiya tsakaninsu ba ta ƙarewa,
Jinin juna haramun ne zubarwa,
Ko aure ma ba sa ƙullawa.

Batun Sunjata, sarkin da ya kafa daular Mali, taron Kurukan Fuga nake nufi, inda aka ce an tsara dokokin Mande wajen 1236. Na Burkina Faso ma sun fi mu ƙarfin hali: babban mutum ya rasu cikin ƙabilar Mosi, sai Basamo, abokin wasansu ɗan ƙabilar Samo, ya tare kabarin ya ce ba a binne bawansa sai an biya shi. Masu kuka su share hawaye su hau ciniki.

Ɗan Makurɗi:
Malama, bari in kawo mai nauyi,
Tibi da Fulani wasan nan sun yi,
"Ina shanuna?" "Mun ci!" ake yi,
Kowa ya wuce yana murmusawa.

Yau a Binuwai wa ke tambaya?
Bindiga ta ƙwace wurin dariya,
Yaranmu sun tashi cikin ƙiyayya,
Ba su ji labarin ba tun tasowa.

Labarin kuwa shi ne Bafillace ya bar wa Tibi ajiyar shanu, ya dawo ya tarar da ƙasusuwa. Haka kakata ta ba ni shi, tana dariya har da ƙwalla.

Jikan Arɗo:
Sai da na ajiye wayar na ɗan yi shiru.

Ka taɓa ni inda yake min ciwo,
Na san Gboko tun ina kiwo,
Ka ce wa Tibi bashina ya kawo,
Ko da doya ce ba na rainawa.

Ɗan Zangon Kumasi:
To ni waye nawa abokin wasan? Kakana Bakano ne.

Malamar Tarihi:
Ashe bawana ne ke ta surutu tun ɗazu. Ni Bazazzagiya ce, durƙusa ka gaishe ni.

Babarbariyar Yerwa:
Arɗo, in doyar nan ta iso,
Ka aiko rabi Yerwa, ina so,
Duk abin da bawa ya kwaso,
Na uwar ɗakinsa ne tun farawa.