Wane suna za mu sa wa "cliffhanger" da Hausa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa marubuta da masu karatu. Don Allah ku taya ni mu tsayar da kalma ɗaya. Abin nan da marubuciya ke yi idan ta kai labari daidai inda numfashin mutum zai ɗauke sai ta ajiye biro ta ce mu haɗu a shafi na gaba, Turawa cliffhanger suke ce masa, yaranmu nan Makka da suka tashi da musalsal ɗin azumi, wato wasannin kwaikwayon talabijin da ake nunawa kashi-kashi, kuma ƙafla suke cewa, ya'ni inda aka rufe kashin ranar. To mu fa? Muna da jigo, muna da salo, muna da zubi da tsari tun a aji, amma dabarar da kusan duk littafin da ake turawa a WhatsApp da Wattpad ke tafiya a kanta ba ta da suna.

Kuma ba baƙuwa ba ce a wajenmu. A Dare Dubu da Ɗaya da ita Shaharzad ta tsira da ranta, gari na shirin wayewa sai ta yi shiru a tsakiyar labari, dole sarki ya bar ta zuwa daren gobe. Littattafan Kano na shekarun 1990 da ake bugawa na ɗaya na biyu na uku, ba a banza ake yanke na ɗaya inda ake yankewa ba, so ake ka koma wajen mai sayarwa ko mai haya. Yanzu ma shafukan kyauta a nan suke ƙarewa kafin a ce a biya.

Daga Jidda: Wa'alaikumus salam Hajiya. Ni "ratayar labari" nake gani. Asalin kalmar daga finafinan Amurka ne da ake nunawa kashi-kashi duk mako, a bar jarumi yana reto a bakin tsauni sai wani satin, a wajen shekarun 1930 sunan ya bazu. Mu ɗauko yadda yake kawai.

Daga Shara Mansur a Makka: A'a Yaya, rataya a kunnen Bahaushe igiya ce da wuya, wallahi da na karanta sai da gabana ya faɗi. Kuma wanda bai san Turancin ba ba zai gane komai ba. Me zai hana ƙwalele? An nuna maka abu an hana ka.

Daga Madina: Ƙanwata kin zo kusa amma a duba. Mai ƙwalele ba shi da niyyar bayarwa tun farko, shi ya sa ake cewa ƙwalelen kare da hantar kura. Marubuci kuwa bashi ya ci, ya yi alkawarin gobe zai biya. Ni abin da nake ji a bakin masu karatu kullum shi ne "Anti kina ja mana rai", ba wanda ya koya musu, da kansu suke faɗa. Jan rai ɗin nan shi Larabawa ke kira tashwiƙ, sai dai shi yana bin labari ne daga farko har ƙarshe, mu kuma wuri guda muke nema wa suna, inda aka yanke. Sai na ce "gaɓar jan rai".

Daga Riyad: Malam na karɓa, amma ina roƙon kar a yar da ƙwalele don tana da aiki. Ni ina rubutu kuma na san bambancin. Akwai wanda zai rufe shafi da an buga ƙofa da ƙarfi amarya ta ƙwalla ƙara, kowa ya kwana cikin fargaba, washegari a buɗe a ce ai mafarki take ko kyanwa ce ta ture kwano, haka jiya haka shekaranjiya har mai karatu ya daina yarda da kai. Wannan ƙwalele ce tsantsa. Ta gaskiyar tun baya ake gina ta, an nuna mana wasiƙar tun shafi na biyar, mun san abin da ke ciki mijin bai sani ba, to ranar da ta faɗo hannunsa aka tsaya, ba ihu ba suma, amma ba mai iya barci, kuma idan aka ci gaba dole wani abu ya canza a gidan nan, ba a koma kamar ba a yi ba. Wannan ita ta cancanci sunan.

Mai tambaya: Tayyib, na gode ƙwarai. Na gwada ta a baki kuma ta zauna: ta tsaya a gaɓar jan rai, littafin nan gaɓoɓin jan ransa sun yi yawa, wannan ba gaɓar jan rai ba ce ƙwalele ce. Har jam'inta bai yi nauyi ba. Yaya na Jidda ka yi haƙuri, rataya ba ta samu shiga ba. Daga sharhin littafin da za mu yi ranar Juma'a bayan la'asar da su biyun za mu fara aiki in sha Allah, wanda ke da gyara ya kawo kafin nan.