Naɗin Sarki Charles: ci gaban tsohuwar al'ada ne ko kwaikwayonta?

Malam Bashir: Jama'a, ana ta faɗin cewa bikin da aka yi wa Sarki Charles na Uku a majami'ar Westminster ranar 6 ga Mayu 2023 shi ne dai bikin da Ingila ke yi fiye da shekara dubu. A ganina kwaikwayon tarihi ne da aka tsara da kyau. Kambin da aka ɗora masa a 1661 aka ƙera shi, domin an narkar da tsofaffin kayan sarauta a 1649 bayan an fille kan Charles na Ɗaya. Sannan mutumin nan ya riga ya zama sarki tun ranar 8 ga Satumba 2022 da mahaifiyarsa ta rasu, kamar yadda Edward na Takwas ya hau mulki a 1936 har ya yi murabus ba a yi masa bikin ba.

Hajiya Rabi: Malam, ban yarda ba. Ana kwaikwayon abin da ya mutu ne, wannan kuwa bai mutu ba. Gabatar da sarki ga jama'a, da rantsar da shi, da shafa masa mai, da ɗora kambi, duk asalinsu yana komawa ga naɗin Sarki Edgar a garin Bath a 973, wanda Dunstan, babban limamin Canterbury, ya jagoranta. Kujerar da Charles ya zauna a kai kuwa Edward na Ɗaya ne ya sa aka yi ta wajen 1300, don ta ɗauki dutsen sarautar da ya ƙwato daga Scotland a 1296. Hatta cokalin man shafawar, na ƙarni na 12, ya tsira daga narkarwar da kake magana.

Malam Bashir: Hajiya, tsohuwar kujera da cokali ɗaya ba su isa hujja ba. Da Latin ake bikin a da, sai a 1603 aka koma Turanci. Barden da kan shiga zauren walima a kan doki, sanye da sulke, yana ƙalubalantar duk mai ja da sarautar, rabon da a gan shi tun 1821.

Malam Idris: Yallaɓai, kana da gaskiya a kan abu ɗaya, wato tsantsar tsarin da muka gani a talabijin sabon abu ne, domin a naɗin Sarauniya Victoria a 1838 ba a yi atisaye sosai ba, har limamin ya tura mata zobe a yatsan da ba nasa ba, ta sha wahalar cire shi. Amma akwai inda ɗan wasa ba ya zuwa. Rantsuwar da Charles ya yi dokar majalisa ta 1689 ce ta wajabta ta, ya kuma sa mata hannu a gaban jama'a.

Hajiya Rabi: Ka ƙara da shafa man, Malam Idris, wanda aka tsarkake a Kudus. Da don 'yan kallo ake yi, ai ba za a kewaye sarki da labule a daidai wannan lokacin a hana kyamara ɗauka ba.