Tauraron da wata ƙasa ta ba wa lasisi: da wane iko hukumar sadarwa ke tare masa hanya?

Mai_Ɗaura_Faranti ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Wata tambaya ce ta hana ni sakat, na ce bari in kawo ta gaban masana.

Shekarata 11 ina ɗaura farantin tauraron ɗan'adam, na talabijin da na intanet. Aikin dai kun san shi: ka hau rufi da sanyin safiya kafin kwano ya ɗauki zafi, mita rataye a wuya, ka sassauta noti, ka riƙa juya faranti kaɗan-kaɗan kamar mai neman jinjirin wata, har mitar ta soma kuka, sai ka ɗaure. Abin da nake farauta yana can sama nisan kilomita 35,786, a idonmu tsaye yake cak. Duk shekarun nan ban taɓa tambayar kaina wa ya ba shi takarda ba.

Makon jiya yaron da ke koyon aiki a hannuna ya ƙure ni. Muna kan rufi ya ce, "Oga, wannan tauraron wa ya ba shi lasisi?" Na ce ƙasar da kamfaninsa yake. Ya ce, "To me ya sa kuma sai ya bi ƙasa-ƙasa yana roƙon izini kafin ya sayar wa mutane? Ai siginar tana sauka ko an so ko an ƙi, kamar ruwan sama." Na ce masa ya miƙo mini sifana mai lamba 13, ya rage surutu.

Amma gaskiya ba ni da amsa. Idan sararin samaniya ba na kowa ba ne, kuma an riga an ba tauraro lasisi a gidansu, mene ne hukumar sadarwa ta wata ƙasa take ba da izininsa? Kuma in ta ce a'a, da me za ta hana? Ko dai neman kuɗin shiga ne kawai aka yi wa ado da sunan doka?

Tsohon_Injiniya ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka riƙe yaron nan da kyau, zai yi nisa.

Na yi shekaru a sashen rabon zangon rediyo kafin in yi ritaya, kuma ruɗanin da ya shiga shi ne wanda kusan kowane sabon ma'aikaci ke shiga. Yana ganin abu ɗaya ne, alhali abu biyu ne: na'urar da ke sama, da na'urar da ke ƙasa.

Ta sama, yaronka ya yi gaskiya. Yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ta ce babu ƙasar da za ta mallaki wani yanki na can. Wannan ya bambanta da sararin da jiragen sama ke bi, wanda yarjejeniyar Shikago ta 1944 ta bar wa kowace ƙasa cikakken iko a kan nata. Jirgi ba ya ratsa samanka sai ka yarda; tauraro kuwa zai ratsa ko sallama babu. Sai dai yarjejeniyar ta 1967 ta ɗora alhakin kamfani mai zaman kansa a wuyan gwamnatinsa: ita za ta ba shi izini, ita za ta ci gaba da sa masa ido. Ita ce kuma ke kai takardun zangon da zai yi amfani da shi gaban ITU, hukumar sadarwa ta duniya da ke Janeba, don a daidaita shi da na sauran, kada su riƙa shiga cikin juna.

To wannan shi ne lasisin gida. Ya ba ka damar tashi sama, bai ba ka kasuwar kowa ba.

Yanzu dawo kan rufin da kake tsaye. Farantin talabijin karɓa kawai yake yi, shi ya sa hana shi ke da wuya. Amma farantin intanet yana magana, yana tura sigina sama. Tashar rediyo ce ƙarama zaune a kan rufin mutum. Sashe na 18 na dokokin rediyo na ITU kuwa ya ce babu wanda zai kafa ko ya tafiyar da tashar da ke aika sigina sai da lasisin gwamnatin da take ƙarƙashinta. Nan ikon hukuma yake. A taron da aka yi a Sharm el-Sheikh na Masar a 2019 an ƙara jaddada hakan da ƙuduri mai lamba 22, kan farantan da ke aika sigina ba da izini ba.

Kuma ba don ado aka yi ba. Na taɓa kwana uku ina bin wani katsalandan da ya riƙa katse layin mikrowef, wato siginar rediyo, tsakanin hasumiya biyu. Muka yi ta yawo da mota da na'urar auna zango a kan cinyata, ƙarshe muka tarar faranti ɗaya ne wani ya ɗaura a karkace bayan wani sito, yana fesa sigina inda bai kamata ba. Babu rajista, babu sunan mai shi. Ka lissafa in irinsa dubu hamsin ne.

Batun "da me za ta hana", ka duba Iran. Ta kai ƙara gaban kwamitin dokokin rediyo na ITU a 2023 cewa ana amfani da farantan Starlink, intanet ɗin tauraro na kamfanin SpaceX na Amurka, a cikin ƙasarta ba da yardarta ba. Kwamitin ya ba ta gaskiya, ya nemi Nowe, wadda takardun suka bi ta hannunta, da Amurka su sa a daina. Amma ITU ba ta da ɗan sanda ko ɗaya. Ta faɗa, ta sake faɗa, abin ya tsaya a takarda.

Barista_Uwargida ta amsa:

Baba Injiniya ya gama da ɓangaren zango, Allah ya ƙara lafiya. Ni bari in taɓo na ciniki, don a nan rigimar gaske take.

Da can wannan tambaya ba ta tasowa sosai. Intelsat, da aka kafa a 1964 don tafiyar da taurarin sadarwa, ƙungiyar gwamnatoci ce a lokacin. Kowace ƙasa tana shiga ta hannun kamfanin sadarwarta, babu baƙo balle a yi maganar tare ƙofa. Da 'yan kasuwa suka shigo harkar (ita kanta Intelsat an mayar da ita kamfani a 2001) sai kowa ya fara tambayar wa zai ci kasuwar wa.

A watan Fabrairun 1997 gwamnatoci 69 suka cimma yarjejeniyar buɗe kasuwar sadarwa a ƙarƙashin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, ta fara aiki a Fabrairun 1998. A ƙarshen 1997 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta fitar da tsarin da ake kira DISCO II. A taƙaice: in tauraronka na ƙasar da ke cikin ƙungiyar ne, an ɗauka shigowarka alheri ce ga gasa, mai ja shi zai kawo hujja. In ba haka ba, sai a duba ko ƙasarku tana barin taurarin Amurka su shiga tata kasuwar. Ba ni gishiri in ba ka manda. Bayan wannan kuma tana duba ko akwai zangon da zai ɗauke ka, da tsaron ƙasa, da bukatun jami'an tsaro, da manufofin ƙetare. Ta wannan ƙofa OneWeb, kamfanin intanet ta tauraro mai takardun Birtaniya, ta samu shiga a watan Yunin 2017 da tsarin taurari 720.

Abin da nake so ka lura da shi, Malam: ita Amurka mai wa'azin buɗe kasuwa, da aka zo kan talabijin da rediyon da ake watsowa kai tsaye daga tauraro zuwa gidaje, cire su ta yi daga alkawarinta. Don haka in ka ji ana zagin ƙaramar ƙasa don ta gindaya sharaɗi, ka tuna manya ma suna da nasu.

Sharuɗɗan dai kala-kala ne. Afirka ta Kudu tana neman kashi 30 cikin ɗari na hannun jarin mai lasisi ya kasance na al'ummomin da aka danne a zamanin wariyar launin fata. A kan haka Starlink ta tsaya a bakin ƙofar ƙasar da aka haifi mai ita, Elon Musk, yayin da Najeriya ta buɗe mata tun Janairun 2023, ta farko a Afirka. Indiya kuwa ta dage sai an gina tashoshin ƙasa a cikin gida, a kuma bi ƙa'idojin tsaronta. A can ma an sha rikici: Reliance Jio, babban kamfanin wayar salula na ƙasar, ta so a yi gwanjon zangon taurari kamar yadda ake yi wa na wayar salula, dokar sadarwa ta 2023 ta zaɓi gwamnati ta raba da kanta. Abin dariya, a Maris na 2025 Jio da Airtel duk suka ƙulla yarjejeniya da SpaceX don su sayar mata da kaya.

A kan tambayarka ta biyu, na ɗan saba da Baba. Hukuma tana da bulala, sai dai ba a sama take ba. A ƙarshen Agustan 2024 alƙalin kotun ƙolin Barazil, Alexandre de Moraes, ya ba da umarnin toshe X, dandalin sada zumunta wanda shi ma na Elon Musk ne. An riga an ƙulle asusun bankin Starlink a ƙasar. Da farko Starlink ta ce ba za ta toshe X a layinta ba, cikin 'yan kwanaki ta bi umarni. Babu wanda ya taɓa tauraro ko ɗaya. Kamfanin da ke son kuɗin mutanenka dole ya ajiye wani abu inda hannunka zai kai: asusu, ofis, tashar ƙasa, kaya a hannun kwastan.

Mai_Ƙaramin_Kamfani ya amsa:

Barista, kin yi bayani, amma ku bar mu da abin ya shafa mu faɗi namu.

Ina da ƙaramin kamfanin intanet. Kafin in haɗa mutum ɗaya sai da na sayi lasisi, na biya kuɗin zango, na biya izinin haƙa ramin waya, na kafa hasumiya, na sa janareto da mai gadi. Duk wata ina biyan ma'aikata da haraji. Abokin ciniki in ya ji haushi ya san ƙofata, har gida wani ya taɓa biyo ni da daddare saboda layinsa ya yanke ana tsakar wasan ƙwallo.

Sai wani ya zo daga kilomita 550 a sama, bai haƙa rami ba, bai ɗauki ko masinja ba, ya kwashe mini manyan kwastomomi, waɗanda da kuɗinsu nake ɗaukar nauyin ƙanana. Ni ban ce a hana shi ba. Wuraren da yake kaiwa, ko shekara ashirin aka ba ni ba zan kai ba. Cewa na yi abin da aka ɗora mini a ɗora masa. In kuwa an ga nauyin ya yi masa yawa, to a sauke mini nawa.

Ba_Na_Rufa_Rufa ta amsa:

Duk kun kauce wa abu ɗaya. Gwamnati da yawa ba katsalandan ɗin zango ke damunta ba, makunni take so. Ranar zaɓe ko zanga-zanga ta kira kamfanoni huɗu a waya, ƙasa ta yi ɗif. Tauraron da bai da tasha a cikin gida ba ya amsa wannan kiran, shi ya sa ake dagewa a kan sai ya gina.

Kuma mai jan ƙafa wajen ba da lasisi ba shi ke shan wahala ba. Ku tuna Tonga: dutse mai aman wuta ya tsinka wayar intanet ɗinsu ta ƙarƙashin teku a Janairun 2022, suka yi kusan mako biyar a yanke. A 2024 wayar da ke haɗa wasu tsibiransu ta sake lalacewa, mutane suka koma kan Starlink, a daidai lokacin ne aka umarci kamfanin ya dakata don ba shi da lasisi. Sai da aka yi ta kuka kafin aka ba shi izinin wucin gadi.

Mai_Ɗaura_Faranti ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, kowa ya ba ni abin tafiya da shi. Abin da ya fi tsaya mini shi ne maganar Baba cewa farantin intanet tashar rediyo ce. Wallahi ban taɓa kallonsa haka ba, kuma ni ne mai kafa tashar. Ashe wanda doka ta fi saurin kamawa shi ne mai sifana a hannu.

'Yar'uwa Ba_Na_Rufa_Rufa, maganarki gaskiya ce, sai dai ni tsorona ya rabu biyu. In makunnin ya bar hannun gwamnati, ba ɓacewa ya yi ba, ya koma hannun mai kamfani ne a wata ƙasa, wanda ban zaɓe shi ba, ban kuma san kotun da zan kai shi ba. Tsakanin su biyun ban ga wanda zan ba ajiya in yi barci ba.

Baba, tambaya ɗaya ta rage. Mutum ya sayo na'ura a ƙasar da aka ba da izini, ya tsallako da ita inda ba a bayar ba, ya ce in ɗaura masa. Kamfanin ya san inda take?

Tsohon_Injiniya ya amsa:

Sarai ya sani. Na'urar tana da GPS a cikinta, in ba ta san inda take ba ba za ta iya bin tauraron da ke zaga duniya cikin kusan minti 95 ba. Kamfani na iya rufe yanki guda daga ofishinsa, kuma a kan wannan ikon ne hukumomi ke matsa masa. Amma shi yana da lauyoyi, kai kuma a kan rufi za a same ka. Kafin ka ɗauki tsani, ka duba jerin masu lasisi da hukumar sadarwar wurin ta wallafa, ka kuma duba ko na'urar tana da shaidar amincewarta. Ka gaida mini yaron, ka ce masa mitar ma ya fara koyon karanta ta.