Kirci a jikin yaro lokacin hunturu: me za a shafa, me za a bari?

Maman Biyu, Aboabo:
Assalamu alaikum. Yaro ne ɗan shekara 3, tun shigar hunturu bayan gwiwoyinsa da lanƙwasar hannunsa suka bushe suka yi duhu, da dare yana susa har jini. Babansa na da asma. Mun shafa wani mai da aka sayo a kasuwar Kejetia ta Kumasi, ya lafa mako ɗaya ya dawo. Kirci ne? Ƙanwarsa za ta iya ɗauka?

Ma'aikaciyar jinya, Asawase:
Wa'alaikumussalam 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Yadda kika faɗa ya yi kama da kircin gado, wanda ke tafiya gida ɗaya da asma da yawan atishawa. Ba a ɗaukarsa. Fatar ce ba ta riƙe laima: ruwan cikinta na fita, ƙura da sabulu na shiga, ƙaiƙayi ya taso, susa kuma ta ƙara fasa ta. Shi ya sa daga Disamba zuwa Fabrairu abin ke tsananta. A baƙar fata ba ya yin ja sosai, duhu ko toka-toka yake yi.

Gyaran daga wanka yake farawa. Sau ɗaya a rana, ruwa mai ɗumi kaɗan, minti 5 zuwa 10. Ki ajiye soson raga, ki daina ɗiga maganin kashe ƙwayoyin cuta a bokiti, sabulun salo ma yana busar da irin wannan fata. A tsane jiki da tawul ba gogawa, cikin minti 3 a shafe shi duka da Vaseline ko man kaɗanya tsantsa marar turare, ana bin kwanciyar gashi. A maimaita sau 2 ko 3 a yini, ko bayan ya warke. Jikin yaro kan ƙarar da giram 250 na man a mako. Kwalbar da ta kai wata biyu, ba a shafawa yadda ya kamata. Ki yanke masa farce, ki sa masa kayan auduga, a rage hayaƙin turaren wuta da na maganin sauro a ɗakin kwanansa.

Mai harhaɗa magani, Sabon Zango:
Hajiya, man Kejetia nan ne ya fi damuna. Ki duba kwalin. In kin ga kulobetasol ko betametason, musamman mai haɗi uku, wato wanda aka haɗa magani iri uku a cikinsa, ki tsaya. Sitiroyid ne mai ƙarfi: yana kwantar da ƙaiƙayi nan take, amma yawan shafa shi na sirantar da fata, ya kawo nankarwa da dabbare-dabbare, jikin ƙaramin yaro kuma na tsotse shi.

Wanda ake fara ba yara shi ne haidurokotison kashi 1 cikin 100, a kan wurin ciwon kawai, sau 1 ko 2 a rana, kwana 7 zuwa 14. Awonsa: a matso daga kan ɗan'ali zuwa gaɓar farko, wannan kusan rabin giram ne, yana isar faɗin tafin hannun babba biyu. A bar minti 30 tsakaninsa da man jiki. Wasu iyaye tsoro ke sa su shafa kaɗan su bari a kwana biyu, shi ma kuskure ne.

A tabbatar kuma ba wani abu ba ne. Abin da mutanenmu ke kira ekzima sau da yawa kyasbi ne, maganinsa na fangas ne. In ƙaiƙayin na tsakanin yatsu, wasu a gida ma suna susa, a zargi ƙazuwa. Ita kowa da kowa ake wa magani. In ɓawo mai launin zuma ya fito ko ruwa na tsatsafowa, ƙwayar cuta ta shiga, a je asibiti. Ƙananan ƙuraje masu ruwa da zafi haɗe da zazzaɓi kuwa, ranar za a kai shi babban asibitin Komfo Anokye, kada a kwana.

Malamin lafiya, Alabar:
Ƙari kan manya. Nasu ya fi fitowa a hannu, galibi daga sana'a: siminti ga magina, garin sabulu ga masu wanki, baƙin lalle da rinin gashi, ɗankunne da kan bel masu ƙarfen nikel. Sai an raba fata da abin kafin mai ya yi aiki. Mai wanki ta sa safar roba da ta auduga a ciki, ta cire bayan minti 20 saboda gumi.

Maman Biyu, kada ki hana shi ƙwai, madara ko gyaɗa kan zato kawai, sai in kin ga jikinsa na tashi bayan ci, likita ya tabbatar. Farin tabon da kircin zai bari yakan ɗauki watanni kafin ya koma daidai, man bilicin kada ya taɓa shi.