Neman shawara: na canza ai-sin amfilifayata, ina jin bambanci amma yayana ya ce kunnena ke yaudarata

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Bara, bayan na bar gidan haya na koma ɗakin da mahaifinmu ya bar mana, na sayi wata 'yar amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, samfurin da ke aiki da TPA3255, domin rediyon da na gada ta mutu da damina, ni kuwa barci ba ya ɗaukata sai da ɗan sauti a kunne. A cikinta akwai ƙananan ai-si (IC, ƙwayoyin lantarki) biyu masu ƙafa takwas da ake kira of-amf, waɗanda sauti ke bi ta cikinsu, samfurin NE5532, kuma a soket suke zaune, ba a kama su da dalma ba. Na ga masu sharhi a YouTube suna cire su suna sa wasu, sai na yi odar LM4562 guda biyu. Ranar da na sa su ji na yi kamar an zare mini auduga daga kunne, ganga ta ƙara nauyi, muryar mawaƙi ta matso kusa. Yayana, wanda muka haɗa kuɗin amfilifayar tare, ya saurara ya ce shi bai ji komai ba sai tafiyar kuɗinsa. Ga shi ɗaya daga cikin sababbin ai-sin yana ɗaukar zafi, kuma idan na kara kunne a sifika ina jin wani shuu. Yanzu an yi mini tallan wani of-amf ɗin mai suna MUSES02 a kan kuɗin da ya kusa rabin na amfilifayar. In saya ko in haƙura?

Tsohon mai gyara: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka mayar da NE5532 ɗinka, ka riƙe kuɗinka. Tun 1979 kamfanin Signetics ya fito da shi, kuma shi ne ya cika mikisocin ɗakunan ɗaukar sauti shekaru da dama, don haka waƙar da kake cewa ta buɗe, mai yiwuwa ta ratsa irinsa da yawa kafin ta iso ɗakinka. A takarda LM4562 ya fi shi, gurɓata sautinsa kashi 0.00003 cikin ɗari ne, amma na NE5532 ma ya yi ƙasa ƙwarai da abin da kunne ke iya kamawa, alhali sifikarka kan kai kashi ɗaya cikin ɗari ko fiye da zarar ka buɗe mata bas. Zafin nan shi ya fi damuna. A sauri, LM4562 yana kai megahaz 55, NE5532 kuwa 10, kuma ai-si mai sauri idan ya zauna a fanel ɗin da ba don shi aka zana ba, ko babu ɗan kafasito mai nanofarad 100 kusa da ƙafafunsa na wuta, yakan shiga kaɗawa can sama inda kunne ba ya kaiwa. Daga nan zafi da shuu ke fitowa, kuma wani lokaci abin da mutum ke kira “sauti ya buɗe” ciwon ne yake ji.

Mai hayar sifika: Oga, a nan ban bi ka ba. Mikisata ta biki da of-amf samfurin 4558 ta zo, aka canza mini zuwa NE5532, kuma shuun da ke tashi idan na ɗaga makirfo ya ragu, har yarana sun shaida. Abin takaicin shi ne wanda ya yi aikin ya riƙe mini ita wata biyu ana tsakiyar bukukuwa bayan salla, na rasa aiki huɗu, da ta dawo kuma maɓalli biyu ba nata ba ne.

Tsohon mai gyara: Alhaji, naka daban ne, kuma ka gaskata ni ba ka sani ba. A bakin makirfo ana ninka sauti sau ɗaruruwa, duk ɗan shuun da ai-si ke da shi ana ninka shi tare. Shi ya sa a irin wurin nan ake jin tazarar da ke tsakanin wani of-amf, TL072, mai shuu na nanobolt 18 da NE5532 mai 5. Shi kuwa 4558 ga shuu ga rashin sauri, bolt ɗaya zuwa biyu kacal yake hawa a mikirosakan, 5532 yana hawa 9. A amfilifayar yaron nan ai-sin ɗan ninki kaɗan yake yi wa sautin da ya riga ya zo da ƙarfinsa, ba shi da wani nauyi da zai nuna gwaninta a kai.

Mai tambaya: Baba, na gode, amma kunnena ba baƙona ba ne. Waƙar da na gwada da ita na ji ta fiye da sau ɗari. Idan babu bambanci, don me masu ƙera amfilifayar suka sa soket?

Ɗalibin injiniya: Yayana, gwaji zai raba gardamar nan. Ƙwaƙwalwa ba ta riƙe ainihin launin sauti sai 'yan daƙiƙu, kai kuwa ka kashe, ka kwance, ka canza, ka kunna, ga kuma sanin abin da ka biya. Ka sa sauti mai kilohaz ɗaya, ka auna da mita a bakin sifika har ƙarfin ya zama ɗaya, kada tazarar ta wuce kashi ɗaya cikin ɗari, domin wanda ya ɗan fi ƙara shi kunne ke zaɓa. Sannan yayanka ya riƙa canzawa ba ka gani, sau goma, kana rubuta wanda ka ji. Idan ka dace sau tara, ni ma zan yarda.

Wata mamba: Sau goma? Soket ɗin zai saki. Maigidana haka ya yi ta cirewa har ya juya ai-sin, ɗigon ƙafa ta ɗaya ya koma ƙasa, muka ji tas da ƙaurin roba, har yau akwatin yana kan kwaba. Kuma ka bincika ko na gaske aka sayar maka, domin ana goge lambar mai araha a buga ta mai tsada.

Mai hayar sifika: Ni dai na ce ka saya. Kuɗinka ne, kunnenka ne.

Tsohon mai gyara: Soket tallar kaya ce, sun san akwai masu son taɓawa. Amma ƙanena, ba ka gaya mana wace sifika kake da ita ba, ba ka faɗi ko ta bulutut kake turo waƙar daga waya ba, ba ka faɗi inda ka samo LM4562 ɗin ba. Ka ɗora yatsa a kan mai zafin, ka ƙirga mana daƙiƙa nawa za ka iya jurewa.

Mai tambaya: Sifikokina masu kyau ne, Baba, ba su ne matsalar ba. Gwajin kuma ba zai yiwu da yayana ba, domin ko na dace cewa zai yi sa'a ce. Mai MUSES02 ɗin ya ce zai ajiye mini zuwa Juma'a, kuma ya tabbatar mini da cewa shi ba ya zafi.

Tsohon mai gyara: Daƙiƙa nawa yatsan ya jure?